An Ce Ruwan Gwiwata Ya Ƙare: In Zauna Ne Ko In Ci Gaba da Tafiya?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 54, sana'ata abincin sayarwa, nauyina kilo 80. Shekara biyu ke nan gwiwata ta dama tana damuna. Idan na tashi da asuba sai ta riƙe kamar na minti goma kafin ta saki. Tafiya a fili ba ta cika wahalar da ni ba, amma saukowa daga bene, tashi daga sujada da tsuguno a banɗaki, sai na cije baki. Tana kuma yin ƙara ƙurus-ƙurus. A kemis an ce ruwan gwiwar ne ya ƙare, aka haɗa mini magani a leda, in na sha na samu sauƙi, in na bari ciwon ya dawo. 'Ya'yana sun ce in daina zirga-zirga in huta. Yau wata uku ina zaune, amma ƙafar sai ƙara nauyi take yi, har na ga cinyar ta fara sirancewa. Wata maƙwabciya kuma ta ce a kai ni a yi mini tsaga. Don Allah me ke faruwa a cikin gwiwar nan, kuma me ya kamata in yi?

Wata uwa daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce.

Hutun nan na wata uku, da kyakkyawar niyya 'ya'yanki suka ba ki shawararsa, amma shi ya ƙara miki ciwon, kuma sirancewar cinyar da kika lura da ita ita ce shaida. Ba mu taɓa gwiwar da hannu ba, saboda haka ba za mu yanke hukunci ta wasiƙa ba. Sai dai abin da kika lissafa, wato shekaru sun haura 45, ciwo na tashi idan an yi aiki da ƙafa, riƙewar safe ba ta kai rabin awa ba, su ne dai alamomin amosanin gaɓɓai irin na zaizayar guringuntsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, kusan kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa.

Ke da kike sana'ar abinci ba sai an zana miki hoto ba. Gobe idan aka kawo ƙafar saniya ko cinyar rago, ki raba gaɓar da wuƙa ki duba kan ƙashin. Za ki ga wani farin abu mai sheƙi ya lulluɓe shi, yatsa na zamewa a kai, ga kuma ɗan ruwa mai yauƙi a tsakani. Wannan farin abin shi ne guringuntsi, kuma irinsa ne a gwiwarki. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a wurin: ƙashin cinya daga sama, ƙashin ƙwauri daga ƙasa, sai ƙoƙon gwiwa a gaba. Kaurin guringuntsin da ya rufe kawunansu bai fi milimita 2 zuwa 4 ba, in ban da na bayan ƙoƙon gwiwa, wanda ke iya kaiwa milimita 6 ko 7, babu wanda ya kai shi kauri a duk jiki. Za ki ga dalili nan gaba. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai wasu matasai biyu na guringuntsi masu siffar jinjirin wata, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su ke baza nauyi don kada ya taru a waje ɗaya. Manyan igiyoyin jijiya huɗu ne ke ɗaure ƙashi da ƙashi, biyu a gefe da gefe, biyu sun gitta juna a tsakiya. Duk wannan yana cikin wata jaka mai tantani a ciki, tantanin nan ne ke samar da ruwan gwiwa.

To, ruwan nan ba ya ƙarewa. A lafiyayyar gwiwa ma bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma kullum tantanin na sabunta shi. A irin ciwonki sau da yawa ƙaruwa ma yake yi, ya tsinke, yauƙinsa ya ragu, shi ne kumburin da ake gani a saman ƙoƙon gwiwa. Miyar kuɓewa da farfesun ganda abinci ne masu daɗi, ki sha abinki, amma yauƙinsu a ciki yake narkewa, ba ya gangarowa gwiwa.

Abu biyu game da guringuntsi su ne tushen duk abin da za mu faɗa miki. Na farko, babu jijiyar jini a cikinsa. Daga ruwan gwiwa yake samun abincinsa, kuma yadda soso yake haka yake: idan kika taka sai a matse shi ya fitar da ruwa, idan kika ɗaga ƙafa sai ya tsotsi sabo. Gaɓar da aka ajiye ba motsi, guringuntsinta yunwa yake sha. Na biyu, babu jijiyar jin zafi a cikinsa. Ciwon da kike ji daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa yake fitowa, da tantanin idan ya fusata, da jakar da ke kewaye. Shi ya sa za ki ga wani hoton ƙashinsa ya yi muni amma yana zuwa gona, wata kuma hotonta da sauƙi amma ba ta iya hawa matakala. Kada hoto ya tsorata ki idan an ɗauka. Ƙarar ƙurus-ƙurus kuwa, yawanci bayan ƙoƙon gwiwa ne da ya rasa santsinsa yake gugar makwancinsa. Ba ƙashi ba ne ke farfashewa, kuma ƙarfin ƙarar ba shi ne ma'aunin girman ciwon ba.

Gaɓoɓin jiki ba iri ɗaya ba ne. Kafaɗa da ƙugu dunƙulen kan ƙashi ne a cikin rami, suna juyawa ta kowace fuska. Gwiwar hannu da gaɓoɓin yatsu lanƙwashewa da miƙewa kawai suka sani. Gwiwar ƙafa a ido kamar ita ma haka take, amma aikinta ya fi haka. Idan kina lanƙwasa ta, kan ƙashin cinya yana mirginawa baya a kan ƙashin ƙwauri, a lokaci guda kuma yana zamewa gaba, in ba don haka ba da ya faɗo ta baya tun kafin ki kai zaune. Sannan a ƙarshen miƙewa, ƙashin ƙwauri yana ɗan murɗawa waje kamar digiri 10, sai gaɓar ta kulle. Wannan kullewar ce ke sa mutum ya daɗe a tsaye ba tare da tsokar cinya ta gaji ba. Gwiwar da ta kasa miƙewa sarai, ko da saura kaɗan ne, ba ta kullewa, tsoka ce za ta yini tana riƙe da ita. Saboda haka in kina sa matashin kai a ƙarƙashin gwiwa idan za ki kwanta, ki daina daga yau. Da daɗi a daren, amma a hankali gwiwar ke sabawa da lanƙwasa har ta ƙi miƙewa. In a gefe kike kwanciya, ki sa matashin tsakanin gwiwoyin biyu, wannan babu laifi.

Kowane aiki da irin lanƙwasar da yake nema. Idan miƙaƙƙiyar ƙafa sifili ce, tafiya a fili na neman kamar digiri 60, matakala 80 zuwa 100, zama a kujera ta sosai wajen 90, tsuguno da zaman tahiya kuwa suna kaiwa 150 ko fiye, inda dunduniya ke taɓa mazaunai. Ki duba jerin abubuwan da kika ce suna sa ki cije baki, duk na can sama ne.

Dalilin da ya sa lanƙwasa ke ƙara nauyi za ki iya gwada shi yanzu. Ki ɗebi ruwa rabin ƙaramin bokiti ki riƙe a jikin cinyarki, za ki iya tsayuwa da shi har ki manta. Ki miƙa hannun gaba da bokitin, ba za ki yi rabin minti ba kafaɗa za ta fara rawa. Ruwan bai ƙaru ba, nisansa da gaɓar ne ya ƙaru. Ka'idar ke nan a kowace gaɓa: wahalar da nauyi ke ba ta, nauyin ne a ninka da nisansa daga gare ta. Idan kina tsaye cak, nauyin jikinki na sauka kusan ta tsakiyar gwiwa. Da zarar kin fara durƙusawa, mazaunai sun koma baya, nauyin ya yi nisa da gwiwar, dole tsokar gaban cinya ta ja da ƙarfi don kada ki zube. Ita kuwa wannan tsoka, mai kai huɗu, jijiyarta ta bi ta kan ƙoƙon gwiwa ne ta manne a ƙashin ƙwauri, 'yan santimita kaɗan daga tsakiyar gaɓar. Nauyi na da doguwar tazara, tsoka na da gajeriya, don haka sai ta ninka ƙarfinta sau da yawa kafin ta yi daidai da shi. Amfanin ƙoƙon gwiwa shi ne ya ɗan tura jijiyar gaba, ya ƙara mata tazara. Ladan da yake samu kuwa shi ne matsa: duk lokacin da tsokar ta ja gwiwa na lanƙwashe, sai a danna shi a jikin ƙashin cinya. Kin ga abin da ya sa aka yi masa guringuntsi mai kauri.

An auna wannan tun 1972. Matsar da ke bayan ƙoƙon gwiwa a tafiya kamar rabin nauyin mutum ce, a matakala ta haura ninki uku, a tsuguno mai zurfi ta kai ninki bakwai. A jikinki mai kilo 80, kamar kilo 40 ke nan a fili, sama da 260 a bene, wajen 560 a tsuguno. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kuma, kowane taku a fili na ɗora ninki biyu da rabi zuwa uku na nauyinki. Saukowa ta fi hawa ciwo domin ƙafa ɗaya ce ke riƙe da ke, tana lanƙwashewa sosai, tsokar kuma birki take takawa, tana ja tana miƙewa a lokaci guda. Wani abin lura a tsuguno: idan kin kai ƙasa sosai cinya ta kwanta a kan sha-raɓa, naman biyu na ɗauke wani ɓangare na nauyin. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakiyar hanya, wajen sauka da wajen yunƙurin tashi.

Nauyin kuma ba daidai yake rabuwa ba. Ɓangaren ciki na gwiwa, wanda ke kallon ɗaya ƙafar, shi ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a tafiya. Shi ya sa ya fi saurin zaizayewa, ƙafa ta fara yin baka, bakan kuma ya ƙara tura nauyi ciki.

Kada waɗannan alƙaluma su sa ki ce to ai gara zaman. An halicci gwiwa don ɗaukar wannan nauyin, muddin tsokar da ke kewaye da ita na da ƙarfi. Tsoka ce ke shanye girgizar taku kafin ta isa ƙashi, ita ke riƙe ƙoƙon gwiwa a hanyarsa, ita ke saukar da ke a hankali maimakon ki faɗa. Ga yadda abin ya juya miki: ciwo ya sa kika rage motsi, tsoka ta rame. Kumburi ma da kansa yana raunana tsokar, don ruwan da bai fi babban cokali biyu ba a cikin gaɓar ya isa ya sa jijiyoyi su rage wa tsokar cinya umarni. Ramammiyar tsoka ta bar gaɓa tana shan duka kai tsaye, ciwo ya ƙaru, kika ƙara zama, wataƙila nauyi ma ya ɗan hau. An gudu ba a tsira ba. Guringuntsin da ya zaizaye ba ya dawowa yadda yake, wannan gaskiya ce. Tsoka kuwa tana dawowa, ko a shekara 54 ko a 80, kuma a nan maganinki yake.

Ki fara da mafi sauƙi, a kan tabarma ko katifa mai tauri. Ki zauna ki miƙe ƙafar, ki naɗe ƙaramin tawul ki sa a ƙarƙashin gwiwa, ki ja yatsun ƙafa su kallo ki, sannan ki danna bayan gwiwar a kan tawul ɗin har ki ga ƙoƙon ya ɗan ja sama. Ki ɗora hannu a cinya ki ji ta yi tauri. Ki riƙe kina ƙirga biyar zuwa goma, ki saki. Sau goma, safe da rana da dare. Kada ki riƙe numfashi, musamman in kina da hawan jini. Daga nan ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa lafiyayyar ƙafar, ki miƙe mai ciwon sarai, ki ɗaga ta har ta yi daidai da ɗaya gwiwar, ki ƙirga uku, ki sauke a hankali. Sau goma, ki huta minti ɗaya, ki sake goma. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin gwiwar ta ɗan lanƙwashe yayin ɗagawa, sai aikin ya koma ƙugu, cinyar ba ta samu komai ba. Kina nan a kwance, ki ja dunduniya a kan tabarma zuwa mazaunai iya inda za ki iya, ki mayar, sau goma sha biyar. Wannan ba don ƙarfi ba ne, don gaɓar ta motsa ruwanta ne, kuma in kika yi shi a gado kafin ki sauko da asuba, riƙewar nan ta minti goma za ta ragu.

Bayan mako ɗaya ko biyu ki ƙara wanda ya fi duka amfani, tashi da zama a kujera. Ki samu kujera mai ƙwari wadda tsayinta ya kai santimita 45 zuwa 50, ki jingina ta da bango don kada ta zame. Ki matso bakinta, ki ja ƙafafu baya su zo ƙarƙashin gwiwa, ki buɗe su daidai faɗin ƙugu, ki sunkuyo gaba har hancinki ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ki miƙe. Sunkuyon nan ka'idar bokiti ce: kin matso da nauyinki kusa da gwiwa, kin kuma ba tsokar mazaunai rabonta na aikin. Wajen komawa ki ƙirga uku kafin ki taɓa kujerar, kada ki faɗa kanta, domin saukar a hankali ita ce ke koya wa cinya birkin da kike buƙata a bene. Sau takwas zuwa goma sha biyu, zagaye biyu ko uku, kwana uku a mako. Da farko ki dafa da hannu, daga baya ki rungume hannuwan a ƙirji. In ya yi wuya ki ɗora matashi a kujerar ta ƙara tsawo. Ki riƙa kallon gwiwarki: in tana faɗawa ciki wajen tashi, ki tura ta waje ta bi saitin yatsa na biyu. Ki kuma kula kada lafiyayyar ƙafar ta yi wayo ta ɗauke duk aikin.

Faɗawar gwiwa ciki daga ƙugu take, ba daga gwiwa ba. Tsokar gefen mazaunai ce ke riƙe ƙashin cinya kada ya murɗa ciki idan kina kan ƙafa ɗaya, kuma a kowane taku akwai lokacin da kike kan ƙafa ɗaya. Ki kwanta a gefen lafiyayyar ƙafar, ki ɗaga mai ciwon da ke sama a miƙe kamar tsawon kamu ɗaya, dunduniya ta ɗan koma baya, ki sauke, sau goma. Sannan rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ki ɗaga mazaunai daga ƙasa ki ƙirga biyar, shi ma sau goma.

Tafiya kuma ki koma mata daga gobe. Minti goma a fili mai laushi, da takalmi mai taushin ƙasa wanda ya kama ƙafa, ba silifas ɗin da ya cinye ta gefe ɗaya ba. Ki riƙa ƙara minti biyu zuwa uku duk mako har ki kai rabin awa, kwana biyar a mako. In rabin awa a jere ya yi yawa, ki raba shi uku.

Za ki ji ciwo kina waɗannan, kuma ba kowane ciwo ne ɓarna ba. Ki ɗauki sifili babu ciwo, goma kuma wanda ba ya jurewa. Har zuwa huɗu ko biyar ki ci gaba, da sharaɗin washegari war haka ya koma yadda yake a da. In ya wuce haka, ko gwiwar ta kwana ta kumbura, kin yi yawa, ki rage rabi, amma kada ki tsaya. Mutane biyu ne ke faɗuwa a wannan hanya: wanda ya ji daɗi a mako na biyu ya ninka komai rana ɗaya, da wanda ya yi kwana goma bai ga canji ba ya watsar. Tsoka na neman mako shida zuwa goma sha biyu kafin a ga aikinta sosai. Idan gwiwar ta riƙe, tawul mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 yana sakin ta. Idan ta kumbura bayan aiki, ƙanƙara a naɗe cikin zane na minti 10 zuwa 15. In kina da ciwon suga ki gwada ɗumin da hannu tukuna, don fatar ƙafa na iya ƙonewa ba ki ji ba.

A wurin sana'a, kujera 'yar tsuguno ita ce babbar abokiyar gabarki. Ki ƙirga sau nawa kike tashi daga kanta a yini. Ki sa a ɗaga murhu a kan bulo ko teburin ƙarfe, ki zauna a kujerar da ƙugunki zai ɗan fi gwiwa tsawo, kuma kada ki wuce rabin awa ba ki miƙe kin taka ba. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, a gwiwa kuwa ta zama kamar 70 a kowane taku, ga shi ta karkatar da ke gefe guda. Ki bar wa yara, in kuma dole ne ki raba ruwan biyu, ɗaya a kowane hannu. A banɗaki, akwai kujera mai rami da ake ɗorawa a kan masai, kafinta ko mai walda na iya yin ta, a kuma kafa ƙarfen dafawa a bango. A bene ki kama ƙarfen gefe: wajen hawa lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen sauka mai ciwon ce gaba, mataki ɗaya-ɗaya. Ranar da za ki yi doguwar tafiya, kamar kasuwa ko biki, ki riƙe sanda, babu abin kunya a ciki. A hannun hagu za ki riƙe ta tunda ta dama ce mai ciwon, su riƙa tafiya gaba tare da ƙafar dama. Yawancin mutane a ɓangaren ciwon suke riƙewa, sai su ƙara karkata kansa. Tsawonta ya tsaya a wuyan hannunki idan kina tsaye hannu a sake.

Game da salla, ki ninka darduma ko ki sa tawul a inda gwiwa ke sauka. Ki fara kai tafin hannu ƙasa wajen sujada, ki kuma dogara da su wajen tashi, wanda dama a mazhabar Malikiyya haka aka fi so, hannuwan na ɗauke wa gwiwa nauyi a daidai inda ya fi tsanani. Ranar da abin ya tashi, addini ya yi sauƙi: hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Ki tambayi malaminki yadda ake haɗa tsayuwa da zama a kujera. Ta fuskarmu dai, abin da gwiwar ke iyawa ba tare da azaba ba kada ki daina yin sa, don lanƙwasar da aka bari tana tafiya, dawo da ita kuma aiki ne.

Nauyin jiki magana ce mai nauyin faɗa, amma lissafin na gefenki. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke wa gwiwa kamar kilo huɗu a kowane taku. Kilo 4 kacal, kashi biyar cikin ɗari na nauyinki, kilo 16 ke nan a taku ɗaya, sau dubbai a yini. In kika kai kilo 8 bambancin zai fito fili. Rabin kilo a mako ya isa. Ga mai abincin sayarwa, ba a kwanon cin abinci matsalar ta fi yawa ba, a ɗanɗane take, da lemon kwalba, da shayi mai sukari cokali uku.

Maganin ledar nan dole ne a san abin da ke ciki. Irin wannan haɗin yawanci yana ɗauke da Diclofenac ko Ibuprofen ko Piroxicam, wani lokaci biyu a haɗe, alhali aikinsu ɗaya ne, illarsu ce kawai ke ninkuwa: gyambon ciki, zubar jini a hanji, hawan jini, lalacewar ƙoda. Mafi muni, akan jefa Dexamethasone ko Prednisolone a ciki. Su ne ke sa a ji garau washegari, su ne kuma ke kumbura fuska, su tayar da suga, su ƙara ƙiba, su raunana ƙashi, har su kashe kan ƙashin ƙugu. In kin yi makonni kina sha kullum, kada ki yanke rana ɗaya, don irin waɗannan biyun a hankali ake janye su. Ki ɗauki ledar ki kai wa likita ya gani, a auna miki jini da suga da ƙoda. Ga gwiwa, man shafawa na Diclofenac ya fi ƙwaya aminci, tunda gaɓar na kusa da fata kuma kaɗan ne ke shiga jini. Paracetamol taimakonsa kaɗan ne, kuma kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a awa 24. Allurar cikin gwiwa tana kwantar da ciwo na 'yan makonni, amfaninta shi ne ta ba ki sararin motsa jiki, likita ne kawai zai yi ta, ba kuma a yawaita ta.

Tsaga kuwa, a'a. Ciwon na can cikin jakar gaɓa, aska ba ta isa wurin, abin da zai fita jinin fata ne kawai. Ta saman ƙoƙon gwiwa da gefensa jakar na kusa da fata ƙwarai, in ƙwayar cuta ta shiga, cikin 'yan kwanaki ruɓa za ta cinye guringuntsin da ya rage. Mai ɗori ma aikinsa karaya da targaɗe, a nan babu abin da ya goce da za a ja a mayar.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi a taɓawa, ga zazzaɓi, ba ta takuwa: asibiti a ranar. Haka in sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, don jini na iya daskarewa a jijiya, musamman bayan dogon zama irin naki. In gwiwar na maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko tana sakin ki har ki faɗi, a duba matasan guringuntsin nan da igiyoyin jijiyar. Riƙewar safe da ta wuce awa ɗaya tare da kumburin yatsun hannu biyu, wani nau'in amosani ne daban mai maganinsa daban. Ciwon dare da ba ya lafawa, da rama ba dalili, shi ma a bincika. Ki kuma sa a duba ƙugunki, don ciwon ƙugu kan ɓuya ya fito a gwiwa.

Ko babu ɗaya daga cikinsu, ki je sashen gashi, wato wurin likitocin fisiyo, a babban asibitin da ke kusa da ke. Za su auna lanƙwasa da miƙewar gwiwar, su ga yadda kike taku, su gyara miki motsin da hannu. In an ce a ɗauki hoto, a ɗauka kina tsaye, don a kwance tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan kan buɗe ta ɓoye zaizayar. Aikin sauya gwiwa ana yin sa, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano na cikin masu yi, amma na wanda ciwo ya hana barci da tafiya ne bayan an gwada duk waɗannan, kuma gwiwar ƙarfe ba kasafai take lanƙwashewa har zaman tahiya ba. Daga abin da kika rubuto, ba ki kai nan ba.

Kafin ki fara, ki auna abu biyu ki rubuta a takarda. Ki sa ɗaya daga cikin yaran ya riƙe agogo, a ga sau nawa za ki tashi ki zauna a kujerar nan cikin daƙiƙa 30. Sannan a ɗauki tef ɗin tela a auna kaurin cinyoyin biyu, santimita 10 sama da ƙoƙon gwiwa. Ki maimaita bayan mako shida, da kuma bayan goma sha biyu, a kujera ɗaya, a wuri ɗaya. Ƙirgen tashi ne zai fara hawa, cinya sai daga baya. In mako goma sha biyu ya cika kina yi yadda ya kamata amma ƙirgen bai motsa ba, ciwon ma bai ragu ba, ki koma wa likita da takardar a hannu.